Yadda Ake Saita Tazarar Bawul a Injin Ƙaramar Taraktar Yankan Ciyawa

Tambayar da ta fi yawan zuwa game da ƙananan taraktocin yankan ciyawa kusan iri ɗaya ce: an murɗa makulli, kik, wato motar lantarkin da ke tada inji, ya ɗauki injin ya juya shi rabin zagaye, sai ya cije kamar an riƙe shi da hannu. An yi cajin batir, an sayo sabo, wasu har kik ɗin sun canza, amma abin bai sauya zani ba. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Batir lafiyarsa ƙalau, kik ma haka. Tazarar bawul ce ta buɗe fiye da ƙima.

Tazarar da ake magana ita ce 'yar kafar da ake bari tsakanin bakin hannun roka, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe, da kan sandar bawul lokacin da bawul yake rufe. Bawul shi ne 'yar ƙofar da ke shigar da mai da iska cikin silinda ko fitar da hayaƙi. Kaurinta bai wuce na fallen takarda ɗaya ko biyu ba. Ana barinta ne domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Aikin saita ta bai fi awa ɗaya ba ga wanda bai taɓa yi ba, kuma abin da za a kashe bai wuce kuɗin gasket, wato shimfiɗar da ke hana murfi yoyo, da ma'aunin tazara ba, wanda bai kai ko kusa da kuɗin batir ko kik ba. Shi ya sa ya dace a fara aunawa kafin a sayi komai.

Alamomin da ke nuna bawul ne

Idan tazara ta yi faɗi, za ka ji ƙarar ƙas-ƙas daga wajen kan silinda, ƙarfin injin ya ragu, sannan ga cijewar nan lokacin tashi. Dalilin cijewar shi ne yawancin waɗannan injinan suna da wata 'yar na'ura a jikin kamshaf, wato sandar da ke da tudun da ke buɗe bawuloli, wadda ke ɗan ɗaga bawul ɗaya yayin da kik ke juya injin, domin a rage matsin iska. Ɗagawar kaɗan ce ƙwarai. Da zarar tazara ta buɗe, sai ta cinye ɗagawar gaba ɗaya, bawul bai motsa ba, kik ya haɗu da cikakken matsi wanda ba a ƙera shi don ya ture ba.

Idan kuwa tazara ta yi matsi, injin zai yi shiru, ba ƙas-ƙas, amma wannan shirun ya fi ƙarar haɗari. Bawul ba ya zama daidai a mazauninsa idan ya yi zafi, matsi yana zurarewa, injin yana ƙin tashi bayan ya yi aiki, wani lokaci yana tari ta kafireta ko yana harbi ta salansa. Bawul ɗin hayaƙi ta mazauninsa yake sauke zafinsa. In bai zauna ba, gefensa zai ƙone.

Fara sanin irin injinka

Ba kowane inji ake saitawa da sufana ba. Wannan jagorar ta shafi injin da bawulolinsa ke kan silinda, wanda za ka ga ƙaramin murfin ƙarfe a gaban injin, galibi an buga haruffan OHV a jikinsa. Tsofaffin injina masu bawul a gefen silinda ba su da notin saiti, sai an cire bawul an ɗan goge ƙarshen sandarsa, kuma wannan wani aiki ne daban. Yawancin injinan Kohler Command kuwa suna da maturan bawul masu aiki da matsin baƙin mai waɗanda ke cike tazarar da kansu, babu abin saitawa a cikinsu.

Nemi lambar injin, ba ta tarakta ba. Kamfanin da ya ƙera tarakta daban, wanda ya ƙera inji daban. A injinan Briggs & Stratton lambar tana buge a jikin murfin bawul ɗin kansa, a na Kohler da Kawasaki tana kan takardar da aka manna a rigar injin. Da lambar ne za ka duba adadin da ya dace a littafin injin. Ga adadin da aka fi cin karo da shi, duka a kan inji mai sanyi:

Briggs & Stratton mai silinda ɗaya: bawul ɗin shigar mai milimita 0.08 zuwa 0.13, na fitar hayaƙi 0.13 zuwa 0.18.
Briggs & Stratton mai silinda biyu: duka biyun 0.10 zuwa 0.15.
Kawasaki jerin FR: duka biyun 0.10 zuwa 0.15.
Kohler Courage mai silinda ɗaya: na shiga kimanin 0.13, na hayaƙi kimanin 0.18.
Honda jerin GX: na shiga 0.15, na hayaƙi 0.20.

Idan littafin injinka ya saɓa wa waɗannan, bi littafin. Honda da Kawasaki suna so a duba tazarar duk bayan awa 300 na aiki. Wanda ba ya lissafin awa, ya riƙa dubawa sau ɗaya a shekara.

Kayan aiki

Ma'aunin tazara, wanda makanikai ke kira filageji, shi ne jigo. Wasu siraran harsunan ƙarfe ne da aka haɗa wuri ɗaya, kowanne da kaurinsa a rubuce. Sai sufanar fulogi, wadda galibi ta milimita 16 ce, da ƙananan sufanu da soket daga 8 zuwa 13, da makulli mai kan tauraro ko alanki gwargwadon abin da ke jikin rokarka. Za ka buƙaci siririn tsinken katako mai santsi, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, da alƙalamin yin alama, da tsumma mai tsabta, da sabon gasket na murfi ko gam ɗin silikon mai jure zafi da mai. Sufanar auna ƙarfin ɗauri tana da amfani sosai in akwai, domin zaren notocin murfi da na fulogi a cikin alminiyom yake.

Hattara da rubutun jikin ma'auni. Harsuna da yawa suna ɗauke da adadi biyu, na inci da na milimita. Inci 0.004 shi ne milimita 0.10. Wanda ya ga 0.004 a littafi ya ɗauko harshen milimita 0.04 ya matse bawul fiye da ninki biyu. Idan ma'auninka yana tsallake da 0.05 ne kawai, ba damuwa: harshen 0.10 yana tsakiyar 0.08 da 0.13, na 0.15 kuma yana tsakiyar 0.13 da 0.18.

1. Bar injin ya huce, ka kashe duk hanyar tashi

Inji mai ɗumi yana ba da awon ƙarya. Mafi kyau a bar shi ya kwana. Ajiye tarakta a wuri mai daidaito, ka kashe wuƙaƙen yanka, ka taka birki ka kulle shi. A taraktoci da yawa kulle birkin yana sassauta bel ɗin tafiya, wanda zai sa injin ya yi sauƙin juyawa da hannu. Zare makulli, ka cire wayar batir ta gefen da ke da alamar ragi, sannan ka zare hular fulogi ka kawar da ita gefe.

Gargaɗi: kada ka tsallake cire wayar batir. Yatsunka za su kasance a kan fankar injin da tsakanin rokoki, taɓa makulli ɗaya ya isa ya jawo rauni.

2. Share wurin, ka cire fulogi

Ciyawa da ƙura suna taruwa a kewayen murfin bawul da ramin fulogi. Goge su tas kafin ka kwance komai, don duk abin da ya faɗa ciki cikin baƙin mai zai tafi ko cikin silinda. Idan murfin gaban tarakta yana tare maka hanya, cire shi, yawanci zare wayar fitila kawai ake yi a ɗaga shi. Cire fulogi. In silinda biyu ne, cire duka biyun.

Gargaɗi: idan fetur ya kwararo daga ramin fulogi, dakata. Allurar kafireta ce ke yoyo har silinda ta cika, kuma wannan ma yana sa inji ya cije daidai yadda bawul ke sa shi. Shinshina sandar auna baƙin mai. In tana warin fetur, sai an gyara kafireta an juye man kafin a tada injin. Kada a kawo wuta ko tartsatsi kusa.

3. Cire murfin bawul

Shimfiɗa tsumma a ƙasan murfin, domin ɗan baƙin mai zai zubo, kuma a taraktoci da yawa salansa tana daidai ƙarƙashinsa. Kwance notocin, galibi huɗu ne. Idan murfin ya manne, ɗan bubbuga gefensa da ƙotar sukundireba. In da gam aka liƙa shi, zura siririyar wuƙa mai faɗi ka bi gefen a hankali kana yanka gam ɗin.

Gargaɗi: murfin siririn ƙarfe ne. Wanda ya cusa sukundireba a kusurwa ɗaya ya ɓanɓare shi zai lanƙwasa bakinsa, daga nan kuma yoyo ba zai daina ba ko da sabon gasket.

4. Duba kafin ka auna

Yanzu za ka ga hannayen roka biyu, kowanne gefe ɗaya yana kan bawul mai sifirin, ɗaya gefen yana kan sandar turi, wato sandar da ke turo rokar daga cikin injin. Tantance wanne ne na shiga, wanne ne na hayaƙi, kuma kada ka yi zato: bi bututun da ya taho daga kafireta, bawul ɗin da ke kusa da shi ne na shiga, wanda ke kusa da bututun salansa shi ne na hayaƙi. A Briggs mai silinda ɗaya na shiga shi ne na ƙasa, sandar turinsa ta alminiyom ce, ta na hayaƙi kuwa ta ƙarfe ce. Kada a musanya su.

Ɗauki minti biyu ka ƙare wa wurin kallo. Murza kowace sandar turi da yatsa lokacin da take sake. In tana rawa gefe da gefe, ta lanƙwashe. Dubi kusoshin da rokoki ke zaune a kai, ko ɗaya ta sassauta. Leƙa ta tsakanin zagayen sifirin ka gwada tsayin bututun da kowane bawul ke zirga-zirga a ciki. Idan ɗaya ya fito waje fiye da ɗan'uwansa, ya zame daga mazauninsa, abin da ke faruwa idan kan silinda ya yi zafi fiye da ƙima saboda ciyawa ko sheƙar ɓera ta toshe hanyar iska. Irin wannan saiti ba ya gyara shi, zai ci gaba da lanƙwasa sandunan turi har sai an gyara kan silindar ko an canza shi.

Wasu injinan suna da 'yar hular ƙarfe a kan sandar kowane bawul. Tabbatar tana nan. Tsakaninta da roka ake aunawa, kuma tana da saurin faɗuwa idan an sassauta roka da yawa.

5. Kawo fistin inda ya dace

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, saboda haka kada ka yi gaggawa.

Fistin yana isa ƙarshen tafiyarsa ta wajen kan silinda sau biyu kafin injin ya kammala aiki ɗaya: sau ɗaya lokacin matsa iska, sau ɗaya lokacin korar hayaƙi. Na farkon ake nema, don a nan ne bawuloli biyu suke rufe ruf. A na biyun, bawul ɗin hayaƙi yana gab da rufewa, na shiga ya fara buɗewa, duka rokokin suna danne. Wanda ya saita a nan zai bar tazara mai faɗin gaske, injin kuma ya ƙara lalacewa.

Ɗora tafukanka a kan ragar da ke saman injin ka juya ta yadda hannun agogo ke tafiya, kana kallon ta daga sama. Haka injin yake juyawa idan yana aiki. In ragar ba ta juyawa, cire ta ka sa soket a notin filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Kana juyawa kana kallon rokoki. Bawul ɗin hayaƙi zai nutsa ya dawo. Nan take na shiga zai nutsa ya dawo. Da zarar na shiga ya rufe, fistin ya kama hanyar matsa iska. Toshe ramin fulogi da babban yatsa ka ci gaba da juyawa, za ka ji iska tana tura yatsan. Wannan ce shaidar kana kan zagayen da ake so.

Yanzu zura tsinken katako ta ramin fulogi har ya taɓa kan fistin. Riƙe shi sakwa-sakwa, ka ci gaba da juyawa kaɗan-kaɗan, tsinken yana fitowa. Inda ya daina fitowa, kafin ya fara komawa, nan ne ƙarshen tafiyar fistin. A wannan injin silinda kwance take, saboda haka tsinken gaba da baya yake yi, ba sama da ƙasa ba.

Gargaɗi: ramin fulogi a karkace yake. Idan ka zura tsinken tun fistin yana can ciki, zai iya maƙalewa ya karye a silinda. Jira sai fistin ya matso. Kada ka yi amfani da sukundireba ko wani ƙarfe, zai iya kartar bangon silinda ko ya ɓata zaren fulogi.

Ga Honda, Kawasaki da Kohler Courage, a nan ake tsayawa a auna. Ga Briggs & Stratton akwai ƙarin mataki wanda mutane da yawa ba su sani ba. Yi alama a jikin tsinken daidai bakin ramin. Yi alama ta biyu milimita 6 daga ta farko, ta wajen hannunka. Ci gaba da juya injin ta inda kake juyawa har alama ta biyu ta iso bakin ramin. Wato fistin ya wuce ƙarshe ya koma da milimita 6, rubu'in inci ke nan. Ana yin haka ne don a tabbatar na'urar rage matsi ta saki bawul gaba ɗaya. In ba haka ba, za ka iya aunawa alhali tana ɗan ɗage da shi, ka ga kamar tazara ta yi matsi, ka buɗe ta, ka dawo da matsalar da ka zo gyarawa.

In ka zarce wurin, kada ka juya baya. Zagayo da injin sau biyu ka sake zuwa. Kafin ka ci gaba, kama kowace roka ka girgiza, duka biyun su kasance suna ɗan motsi.

6. Auna, ka rubuta

Goge harshen ma'auni da kan bawul. Zura harshen a miƙe tsakanin roka da kan bawul, ba a karkace ba. Awon da ya yi daidai shi ne wanda harshen ke shiga yana fita da ɗan ja kaɗan, kamar kana zare takarda ɗaya daga tsakiyar littafi mai kauri. In ya wuce salin-alin ba tare da ka ji komai ba, tazara ta fi shi faɗi. In sai ka tura da ƙarfi, to sifirin kake dannewa, awon ƙarya ne.

Wanda hannunsa bai saba ba, ya yi amfani da harsuna biyu. Idan ana son 0.10 zuwa 0.15, na 0.10 ya shiga ba gardama, na 0.18 ko 0.20 ya ƙi shiga. Wannan ya fi dogaro da ji kawai.

Rubuta abin da ka samu kafin ka taɓa noti. Idan ka tarar da 0.25 ko 0.30 a inda ake son 0.10, ka gano dalilin cijewar. In kuwa duka biyun suna cikin ƙa'ida, bar su yadda suke, matsalar tana wani wuri.

7. Saita

Dubi irin makullin da ke kan rokarka tukuna, domin iri biyu ne kuma aikinsu a juye yake. A Briggs mai silinda ɗaya, babban notin da ke tsakiyar roka shi ne na saiti, ƙaramin sukurun da ke cikinsa mai kan tauraro shi ne makulli. A mai silinda biyu kuwa sukurun ne ke saitawa, notin ne ke kullewa. A Honda GX noti biyu ne a jere, na ƙasa yana saitawa, ƙaramin na sama yana kullewa.

Riƙe na saiti, ka sassauta makulli kamar rabin zagaye. Zura harshen ma'auni, ka juya na saiti a hankali. Ɗaurewa tana rage tazara, kwancewa tana ƙara ta. Juyi kaɗan ake yi, domin kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya isa ya fitar da kai daga ƙa'ida. Da ka ji ɗan jan nan, tsaya.

A injin da ke fama da cijewa, nufi tsakiyar adadin ko ɗan ƙasa da tsakiya a bawul ɗin shiga, amma kada ka sauka ƙasa da mafi ƙarancin da aka rubuta. A bawul ɗin hayaƙi kuwa gara ya ɗan yi faɗi a cikin ƙa'ida da ya yi matsi.

Gargaɗi: kada ka murɗa notin saiti alhali makulli yana ɗaure. Ko dai notin ya tsage, ko kusar da ke ƙarƙashinsa ta kwance daga kan silinda. Kuma kada ka kwance roka har sandar turi ta fita daga gurbinta. In ta fita, tura ta ciki ka lalubo har ka ji ƙarshenta ya zauna a cikin ɗan kwamin da ke can ciki, sannan ka mayar da roka.

8. Kulle, ka sake aunawa

Riƙe na saiti gam da sufana yadda ba zai motsa ba, ka ɗaure makulli. Ɗauri ne ƙarami, na yatsu da wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. A Honda GX Nm 10 ne (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri da ke jikin sufanar auna ɗauri), a Briggs mai silinda ɗaya ma bai kai haka ba.

Kullewa tana canza awo kusan kowane lokaci. A irin mai sukuru a cikin noti, sukurun yana tura notin waje, tazara ta ɗan buɗe. A irin mai noti a waje, sukurun yakan bi notin ya juya, tazara ta matse. Saboda haka sake zura ma'auni bayan kullewa. In ta kauce, sassauta, ka saita da ɗan rangwame ta ɓangaren da ta kauce, ka sake kullewa. Yin haka sau uku ko huɗu a bawul ɗaya ba gazawa ba ce, haka aikin yake ko a hannun ƙwararre. Awon da aka yi bayan kullewa shi kaɗai ne abin lissafi.

Ka gama bawul ɗaya, ka yi ɗayan ba tare da ka motsa injin ba. Sannan zare tsinke, ka juya injin cikakken zagaye biyu, ka dawo da fistin wurin da ka auna, ka sake gwada duka biyun.

Yayin wannan juyin, zuba ido a kan rokoki lokacin da fistin ke matsa iska. Gab da ƙarshe za ka ga ɗaya ta ɗan nutsa kaɗan ta dawo, kamar ƙiftawar ido. A Briggs mai silinda ɗaya ta bawul ɗin shiga ce. Wannan ɗan motsin shi ne na'urar rage matsi, ganinsa yana nufin tana aiki.

In silinda biyu ne, kowace da nata lokacin. Gama ta farko, sannan ka koma mataki na 5 ka nemo wurin fistin na biyu ta ramin fuloginsa. Kada ka saita rokoki huɗu a tsayuwa ɗaya.

9. Mayar da murfi da fulogi

Kankare tsohon gasket ko gam daga fuskokin biyu da abin roba ko katako, ka toshe ramukan komawar mai da tsumma kafin ka fara don kada ɓurɓushi ya faɗa, ka kuma tuna ka cire tsumman. Goge fuskokin su bushe. Sa sabon gasket. In gam ne, zana siririn layi ɗaya mara yankewa, ka zagaye ramukan noti ta ciki, ka ba shi lokacin bushewa da aka rubuta a jikinsa kafin ka tada injin. Gam mai yawa yana matsewa ta ciki ya gutsure ya bi mai.

Ɗaura notoci da yatsa tukuna, sannan ka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zuwa kimanin Nm 6 ko 7. Fulogi ma da yatsa ake fara shi har ya zauna, sannan a ɗaure zuwa kimanin Nm 20. In ya yi tauri tun zagayen farko, zare ya hau ba daidai ba, kwance ka sake. Mayar da hular fulogi, sannan wayar batir. Duba baƙin mai.

10. Gwaji

Tada injin a fili inda iska ke kaɗawa, ba a cikin rufaffen ɗaki ba, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Ya kamata kik ya juya shi ba tsayawa. Ɗan hayaƙi daga man da ya ɗiga a salansa zai ƙone cikin 'yan mintoci. 'Yar ƙarar tik-tik mai laushi ba laifi ba ce. Bar shi ya yi minti goma, ka kashe, ka duba gefen murfi ko akwai yoyo, sannan ka sake tada shi da zafinsa. In ya tashi da sanyi amma ya ƙi da zafi, akwai bawul ɗin da ya yi matsi, bar shi ya huce ka sake aunawa.

Idan har yanzu yana cijewa

Koma kan ɗan motsin nan na mataki na 8. Idan tazara ta yi daidai amma babu roka da ke ƙiftawa, na'urar rage matsi ta karye a jikin kamshaf. Gyaranta sai an sauke injin an buɗe ƙasansa an canza kamshaf, a kuma tsince gutsattsarin da suka zube a ciki. Kada a matse bawul ƙasa da ƙa'ida don a rufe wannan matsalar, bawul ɗin ne zai ƙone.

In motsin yana nan, sai a koma wajen wuta. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin bolt 12.6 a zaune. In ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da kik ke ja, ya gaji. In bai faɗi ba amma kik yana jan ƙafa, kwance kawunan wayoyi ka kankare su, musamman inda wayar ragi ta kama jikin tarakta, don tsatsa a nan tana cin wuta sosai. Injin da ke turo kik baya da ƙarfi, musamman bayan ya taɓa tsayawa kwatsam yana cikin aiki, a duba ɗan makullin da ke riƙe filawil a kan karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa. In ya yanke ko kaɗan, wutar fulogi tana zuwa ba a lokacinta ba.

Idan kuma tazarar ta sake buɗewa bayan 'yan awoyi, wani abu ne ke ci ko ke motsi: kusar roka tana kwancewa, ko ƙarshen sandar turi ta alminiyom yana cinyewa, ko tudun kamshaf ya lashe. Juya injin ka gwada zurfin nutsawar bawuloli biyu. In ɗaya yana nutsawa rabin na ɗan'uwansa, tudun kamshaf ɗin da ke tura shi ya ƙare, kuma sai an canza shi.